Farin Man Maiwada

A Tudun Wada ta Minna, a shekarun nan da kaya suka yi wuya, sabulu da madara da baƙin mai duk sai an yi layi ko an san wani, an yi wani mutum ana ce masa Maiwada. Shi kuwa sunan da ya raɗa wa kansa Injiniya. Ya taɓa aiki a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa, kuma duk wanda ya zauna da shi a inuwar shagon Ndanusa tela ya sha jin cewa babu kan jirgin da ya taɓa barin Minna sai Maiwada ya kara kunne ya ce ya yi. Waɗanda suka yi aiki tare da shi dai sun ce tsumma yake riƙewa, yana goge sifanu yana miƙa wa masu gyara. In an tuna masa da haka sai ya ce to, da ya miƙa musu wadda ba ita ba, da wa zai gyara jirgin?

Da aka rage ma'aikata aka sallame shi, sai yayarsa Azumi, wadda ke saro doya daga Gwada tana sayar wa masu lodi zuwa kudancin ƙasa, ta ji tausayin iyalinsa. Ta tattara abin da ta daɗe tana tarawa ta sayi wata tsohuwar akori-kura, ta damƙa masa makulli. Sharaɗinta guda ne: ya tuƙa, kada ya gyara. Maiwada ya karɓi makulli ya ce ya ji, ko da yake abin kunya ne a ce likita na cikin gida ana kai marar lafiya waje.

Abin da ya fara damunsa da motar shi ne allurar gejin zafi. Duk sanda ya hau tudu da lodi sai ta miƙe ta kwanta a kan ja, tana kallonsa. Ya ce allura ce marar kunya, ya yanko filasta ya liƙe ta. Daga ranar bai sake ganin motar ta yi zafi ba.

Ba a daɗe ba lagireto ya fara shan ruwa. Ya cika shi da safe, kafin azahar ya ƙafe. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe. Ya barbaɗa toka a wurin don ya kama ɗigo, bai kama komai ba sai sawun kaji. Ya zargi akuyar maƙwabta. Ya zargi matarsa Saudatu, ya ce tun da famfo ya ɗauke ya lura kwanukanta kullum a wanke suke.

Saudatu ta ce, "Malam, in na rasa ruwa rijiya zan je, ba hancin mota ba."

Wata safiya ya zaro sandar awon mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya daɗe yana kallonta. Man ya wuce layin cika, ya hau can sama, alhali rabonsa da zuba mai tun kafin damina. Ga shi kuma ya daina zama baƙi, ya koma kalar shayin da aka cika wa madara. Ya buɗe murfin da ake zuba mai, ya tarar da wani abu mai kauri manne a cikinsa kamar kindirmo. Ya shafa a yatsa, ya sansana, har ya ɗan lasa.

Sai ya jawo turmi ya kife ya zauna. Ruwa yana shiga ta nan, ba ya fita ta ko'ina. Mai yana ƙaruwa ta can, ba wanda ya ƙara shi. Ya juya lissafin ta gaba, ya juya ta baya, amsa ɗaya yake samu. Ya miƙe a hankali, ya dafa bonet kamar mai dafa kafaɗar babban mutum, ya shiga gida ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ko da yake ranar Talata ce.

A shagon Ndanusa ya tarar da majalisa ta cika. Akwai Kudu mai injin niƙa, mutumin Bida, da ladan, da sauran masu jiran ɗinki. Maiwada bai zauna ba. Ya sanar da su cewa abin da Turawa suka nema a loko shekara da shekaru ba su samu ba, Allah ya kawo shi Tudun Wada: motarsa tana mayar da ruwa mai. Ya zagaya da sandar awon mai kowa ya gani. Ya ce ƙasa tana layin baƙin mai, shi kuwa zai fitar da ita daga layi da fari.

Ndanusa ya tsayar da keken ɗinki ya ce shi dai a saninsa motar Azumi ce. Maiwada ya ce ƙarfen na Azumi ne, ilimin nasa. Kudu, wanda injinsa ya kwana biyu yana kukan rashin mai, ya murza abin a yatsa ya ce da santsi kam, amma da za a nuna wa Ernest ya gani, hankali zai fi kwanciya.

Ernest bakanike ne a Limawa, ya zo Minna tun yana saurayi, kuma shi ma wajen cika baki ba baya ba. Yakan ce daga tarin mota yake gane shekarar da aka ƙera ta. Shi da Maiwada ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Maiwada ya ce zai je, amma a sani ba tambaya zai je yi ba, koyarwa zai je yi. Majalisa ta ɗare bayan akori-kura aka tafi.

Ernest ya dubi sandar sau ɗaya ya kwashe da dariya har da dukan cinya.

Ya ce, "Oga Maiwada, wannan mota gaskit dinsa ya kone. Ruwa yana bi ta wurin yana shiga cikin mai. In ba ka ajiye shi ba, injin zai buga."

Maiwada ya juya ga mutanensa ya ce su ji yadda hassada take magana da Hausar Limawa.

Ernest ya ce a tayar da mota. Ya buɗe lagireto tun injin bai yi zafi ba, ya nuna musu ruwan yana ta fitar da ƙwayayen kumfa, ya ce iskar cikin injin ce ke tserewa ta inda gaskit ya ƙone. Maiwada ya leƙa ya ce madalla, ai dahuwa ke nan, wa ya taɓa ganin an yi mai ba a tafasa ba? Ernest ya ja su baya ya nuna musu farin hayaƙin da ke fita daga salansa, ya tara tafin hannu ya jiƙe, ya ce wannan tururi ne. Maiwada ya ce motocin banza ke baƙin hayaƙi, tasa cikinta fari ne shi ya sa. Ernest ya kunto fulogi, ya jera su a kan benci, sauran duk sun yi baƙi, ɗaya kuwa tas kamar yau aka sayo shi. Ya ce ruwa ne ya wanke wannan, nan ne ɓarakar take.

Maiwada ya ɗaga fulogin sama ya ce, "Kun gani? Har wanka take yi wa kanta. Sauran ukun ma suna kan layi."

Ernest ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin mutumin da za a nuna wa gawa ya ce barci take ba, sai yau. Maiwada ya ce shi ma bai taɓa ganin bakaniken da ke tsoron ci gaba haka ba, amma kada ya damu, in kamfani ya kafu zai ɗauke shi gadi. Aka rabu kowa yana cewa shi ya yi nasara. A hanyar komawa Ndanusa ya ce shi fa maganar Ernest ta ɗan shige shi. Maiwada ya ce duk wanda maganar Ernest ta shige shi yana iya sauka ya taka da ƙafa. Rana ta take, ba wanda ya sauka.

Daga nan gidan Maiwada ya koma masana'anta. Da safe ya cika lagireto, ya zagaya gari sau da yawa don mai ya nuna, ya dawo ya kwanta ƙarƙashin mota ya kwance noti ya tatse a cikin kwanon wanke-wanken Saudatu. Ya kwashe mata kwalaben man gyaɗa, ya bi maƙwabta yana roƙon na lemo. Da ya tatse sai ya ga dole ya zuba wa injin wani man, in ba haka ba sandar ba ta nuna komai. Wannan bai dame shi ba. Ya ce ko matan Fulani sai sun zuba ɗan tsohon nono a sabo kafin ya yi tsami, wannan iri ne. Irin dai ya yi ta cin galan bayan galan na baƙin mai na gaske, wanda sai an bi ta bayan kanti ake samu. Da abin ya fi ƙarfin aljihunsa ya sayar da tayar safaya, sannan jak, ya ce mota mai wannan daraja ba ta faci.

Sai kuma ya shiga inganta kaya. Ya gwada ruwan rijiya, ya gwada na kogi, ya yanke hukuncin cewa na kogi ya fi maiƙo. Ya ga man ya cika ruwa-ruwa, ya jefa kanwa a lagireto. Ya ga santsin bai kai yadda yake so ba, ya tsaya yana tunanin abin da ya fi komai yauƙi a duniya, sai idonsa ya faɗa kan busasshiyar kuɓewar Saudatu. Ranar nan gayan tuwo aka ci da manja a gidan. Saudatu ta ce tunda mota ta sha miya, sai a kai mata tuwon ma. Ya ce mata, duk matan manyan masu ilimi haka suka yi ta ƙorafi kafin duniya ta san mazansu.

Kwalaben farko kyauta ya raba, don talla. Kudu ya karɓi mafi yawa ya ɗura wa injin niƙa. Ndanusa, duk da maganar Ernest da ta shige shi, da ya ji kyauta ce ya miƙa hannu, ya ɗiga wa keken ɗinki. Ladan ya shafa wa sarƙar kekensa da ƙyauren masallaci. Wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta aiko a sam mata, Maiwada ya aika mata da kwalba guda da umarnin safe da yamma.

Kwana kaɗan Tudun Wada ta yi ta santsi. Daga nan sai abubuwa suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

Keken ladan ne ya fara. Sarƙa ta yi ja da tsatsa ta ƙage, ya riƙa zuwa kiran salla yana tura keke yana haki, har mutane suka ce muryarsa ta canza. Ƙyauren masallaci, wanda da can ƙara kaɗan yake yi, ya koma kuka kamar an taka kyanwa. Keken Ndanusa ya tofa wani ruwan kasa-kasa a kan farar shaddar wani ɗan kasuwa, tun daga wuya har aljihu, ya bi da layi kamar aikin ado. Na Kudu ya fi muni. Ana tsakiyar markaɗen wake, mata sun yi layi da robobi, masu ƙosai da masu alala, injin ya yi tari, ya yi wata ƙara kamar ana jan kwano a kan siminti, ya tsaya cak. Matan nan ba su tsaya jin bayani ba. Kudu ya nuna musu gidan Maiwada da hannu, shi ma ya bi bayansu.

Suka tarar da shi yana jera kwalabe a kan dakali. Kwalaben da suka kwana biyu a ajiye duk sun rabu gida biyu, baƙi a sama, ruwa a ƙasa, da wani kore-kore yana lilo a tsakani. Kudu ya ɗaga ɗaya ya tambaye shi mene ne wannan a ƙasa.

Maiwada ya karɓa ya girgiza ta da ƙarfi har ta koma kalar shayi, ya miƙa masa. Ya ce, "Ka girgiza kafin ka zuba? Ko maganin tari na asibiti sai an girgiza. Ba ka bi ƙa'ida ba, Kudu, ka zo kana ɗaga mini murya gaban mata."

Kudu ya ce ba wanda ya ce masa a girgiza. Maiwada ya ce ba wanda ya ce masa kada a girgiza. Wata mai ƙosai ta ce ita ba ruwanta da girgiza, wakenta ya jiƙa yana tsami. Ya ba ta shawara ta koma daddawa. Da ba don Saudatu ta jawo shi cikin zaure ta sa sakata ba, da robar waken a kansa za ta ƙare. Tsohuwa mai gwiwa kaɗai ta aiko da godiya, ta ce ta ji sauƙi, a ƙaro. Maiwada ya riƙe wannan shaida ya yi ta yawo da ita.

Labari ya kai wa Azumi ana jibi kasuwar Gwada. Ta zo da kanta, ta zagaya motar, ta ga ba safaya, ta ga ƙasan wurin ya yi dabbare-dabbare, ta tsaya ta dube shi. Ta ce ta riga ta yi ciniki da manoma, doya na jiranta a Gwada, mai lodin kudancin ƙasa kuma zai tashi da yammacin ranar kasuwa, da ita ko ba ita. In doyar nan ta kwana a ƙasa, jarinta ne ya kwana. Ta ce ya kai wa Ernest mota yau ɗin nan.

Maiwada ya ce, "Yaya, ki ba ni ranar kasuwar nan kawai. A Tudun Wada an cika hassada. Mutanen Gwada manoma ne, suna da injin ban ruwa, suna da babura, sun san darajar mai. In na nuna musu, ke da kanki za ki ce a daina dakon doya."

Ta ce ba ta son ganin kwalba ko ɗaya a motarta. Ya rantse ba za ta gani ba. Bai karya rantsuwa ba, don a ƙarƙashin buhunan da ake shimfiɗa wa doya ya jera su.

Ranar kasuwa suka kama hanya, Azumi a gaba tana riƙe da ƙofa saboda ba ta rufuwa sosai. Tun daga Maitumbi motar ta fara wani ƙwanƙwasa daga ciki, ƙwas, ƙwas, kamar baƙo mai ladabi. Azumi ta tambaya mene ne. Ya ce mai ne ke motsi. Farin hayaƙi ya tirniƙe bayansu har masu babura suna kunna fitila. Duk rafin da suka tarar sai ya tsaya ya ɗebo ruwa ya ƙara, yana murmushi, yana cewa yau kam za a yi tatsa mai yawa. Kafin su isa, baƙon nan ya daina ladabi, ya koma dukan ƙofa.

A Gwada Azumi ta shiga cikin 'yan doya tana duba kaya, ta ce ya juya mota ya kashe ta ya jira lodi. Tana ba da baya ya tura motar tsakiyar fili, tsakanin masu gyaran babur da masu sayar da tukwane. Bai kashe ba. Ya ɗaga bonet, ya fito da kwalabe ya girgiza kowace ya jera, ya hau kan bamba ya fara kira. Jama'a kuwa ranar kasuwa ba sa ƙin kallo. Manoma suka ajiye kaya, mata masu ɗauke da doya a kafaɗa suka tsaya, 'yan babur suka matso. Har Ernest, wanda ke zuwa duk ranar kasuwa da tsohuwar tifarsa yana duba manyan motoci, ya zo ya tsaya can baya ya harɗe hannu.

Maiwada ya ba su tarihin loko. Ya ba su labarin tsohuwa mai gwiwa, wadda a bakinsa ta riga ta fara tsere da jikokinta. Wani dattijo manomi mai suna Gaiya ya ce shi dai yana so ya ga inda ruwan ke shiga da idonsa. Maiwada ya ce abin da ya kawo shi ke nan. Ya sa aka kawo bokitin ruwa, ya naɗe hannun riga. Injin na ta duka, bonet na rawa, lagireto na wani huci siriri.

Daga can bayan taro Ernest ya ɗaga murya ya ce, "Oga, kar ka bude wannan murfi. Ka kashe shi ya huce tukuna."

Maiwada ya gaya wa taron cewa wancan mai maganar shi ne maigadin kamfaninsa, bai fara aiki ba tukuna. Aka yi dariya. Ya cire hularsa ya naɗe murfin lagireto da ita, ya murɗa.

Murfi da hula suka tashi sama tare. Bayansu wani ƙaton tururi ya biyo, da ruwan zafi mai kanwa da kuɓewar mako guda, ya yi tsiri ya fi rumfa tsawo, sannan ya buɗe kamar lema ya sauko. Maiwada ya yi tsalle baya ya faɗa cikin bokitin. Taro ya watse, sai dai watsewar ba ta yiwu ba, don ƙasa ta riga ta yi yauƙi. Wanda ya ɗaga ƙafa sai ya zauna. Gaiya ya kama wani ɗan babur don kada ya faɗi, suka tafi tare. Wata mata ta saki doyarta ta gangara cikin tukwane, mai tukwane ya taso zai yi faɗa shi ma ya zame ya isa wurin kafin ya shirya. Kwalaben da ke kan mota suka bi juna suna faɗowa suna ƙara wa fili santsi. Ana cikin haka injin ya yi wata ƙara guda mai nauyi, kamar an saki guduma cikin ganga, ya yi shiru. Hular ta sauko daga baya, ta faɗa kan rumfar mai tsire.

Azumi ta iso tana takawa a hankali kamar mai tsallaka rafi.  Ernest ya gwada juya injin da sifana, ya hau kanta da ƙafa, ko motsi. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance noti a gaban kowa. Ruwa ne ya fara zubowa, tsararo, ya daɗe yana zuba, sannan wani abu mai kama da kunu ya biyo, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ernest ya tara a tafin hannu ya nuna wa Azumi, ya ce cikin injin ke nan ya niƙe kansa.

Maiwada, da bokiti har yanzu manne a bayansa, ya leƙo ya ce a duba da kyau, kada a zubar, wannan ƙyallin ya yi kama da azurfa.

Mai tukwane da sauran waɗanda suka yi asara ba su bar wurin ba sai da Azumi ta sallame su da doya, tana zaɓo manya tana miƙawa, tana kallon ƙanenta duk sanda ta miƙa ɗaya. Abin da ya rage aka loda a tifar Ernest, don a cim ma mai lodin kudancin ƙasa. Ita kuma akori-kura aka ce a ɗaura mata igiya a ja. Maiwada ya ce sai dai a sa doguwa, mai tsawo sosai, don kada mutane su zaci tare suke. Ernest ya gaji da musu, ya haɗa igiya biyu ya ƙulla. Azumi ta shiga gaban tifa. Ta leƙo ta taga ta ce masa aikinsa guda ne: ya riƙe sitiyari, ya taka birki in sun taka.

Da farko Maiwada ya takure a kan sitiyari, girarsa duk ta ƙone, riga na ɗigar yauƙi. Amma iska ta fara kaɗa shi, mota na tafiya sumul ba ƙara ba hayaƙi, sai ransa ya fara dawowa. Kafin Maitumbi ya fitar da gwiwar hannu ta taga. Da suka shiga gari ya fara ɗaga wa mutane hannu. A wata mahaɗa da tifa ta rage gudu, ya gaya wa wani mai lemo cewa ya lura da kyau, motar nan yanzu ko fetur ba ta sha.

Layinsu na Tudun Wada gangara ne, kuma a ƙarshen gangarar shagon Ndanusa yake. Daga nesa Maiwada ya hango majalisa a cike, Kudu da ladan da mai shadda duk suna zaune, da alama shi suke jira. Daidai nan tumaki suka shiga gaban tifa, Ernest ya taka birki. Igiya ta saki ta kwanta a ƙasa. Akori-kura ta ci gaba da gangarowa, tana ƙara sauri, bayan tifa na matsowa. Maiwada ya dubi birki, ya dubi majalisa. Ya ga a gaban mutanen nan za a shigo da shi a ɗaure a bayan motar Ernest kamar ragon da aka sayo. Ya danna hon, ya karkata sitiyari, ya fita hannun hagu.

Ernest ya waiga ya ga motar da yake ja tana wuce shi. Azumi ta dafe kai. Maiwada ya ɗaga musu hannu ta taga yana wucewa, ya yi musu alamar su riƙa sauri. Majalisa ta miƙe tsaye. Ya wuce tifa da tsawon mota ɗaya, ya wuce da biyu, yana gyara zama, sai igiya ta ƙare. Ta fizgi hancin akori-kura ta juya shi ya kalli inda ya fito, gindinta ya zagayo ya share kwandon mai tumatir, ta tafi da baya-baya ta zauna cikin lambatu a ƙofar shagon Ndanusa, ƙafafun gaba a sama suna juyawa.

Aka taru a bakin lambatu. Azumi ta sauko, ta leƙa ta ga yana motsi, ta ce wa Ernest ya kwance igiyarsa su tafi, mai lodi ba zai jira ba. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai ta taga Maiwada ya zuro kai, da ɓawon tumatir a goshi. Ya dubi Kudu, ya dubi ladan, ya dubi Ndanusa, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Duk abin da za ku ce ku ce. Amma ku ji tsoron Allah ku ba da shaida, tsakanina da Ernest wa ya riga isowa?"